Maginin da Ya Gina Karkatacciyar Katanga

A garinmu Torun, in ka ga tsohuwar katangar jan bulo da aka yi wa gyara har ka kasa gane inda aikin mutanen da ya tsaya na yanzu ya soma, to da wuya in hannun Ludwik Sikora bai bi ta wurin ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana bin ganuwar gari da coci-coci da tsofaffin rumbunan hatsin da ke bakin kogin Wisla, yana zare ruɓaɓɓen bulo yana cusa mai lafiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tumbi, wanda shi yake cewa na gado ne, matarsa Genia kuma ta ce na dankali ne. Kullum akwai igiyar awo a aljihunsa, mai ɗan curin dalma a ƙasa, kuma ba ya jin kunyar fito da ita a ko'ina. Ranar da ya fara zuwa gaida iyayen Genia, kafin ya zauna sai da ya auna ƙofar falonsu, ya gaya musu ta kauce da yatsa biyu.

To mutumin da ya tsani karkata haka shi Allah ya haɗa gari ɗaya da Karkatacciyar Hasumiya. Shekara wajen ɗari bakwai ke nan tana jikin ganuwa, ta sunkuyo kan titi kamar tsohuwa mai neman allura, ba ta faɗi ba, ba ta kuma miƙe ba. Masu zagayawa da baƙi suna gaya musu wai ɗaya daga cikin mayaƙan nan masu gicciye a riga da suka kafa garin ne ya yi rantsuwar ba shi ba mace, ya karya, aka hukunta shi da gina ta a karkace don kowa ya ga halinsa. Ludwik in ya ji wannan sai ya ja tsaki. "Ƙasar wurin ce ba ta da ƙwari, yashi ne da laka," in ji shi. "Wane magini ne zai yi wannan aika-aikar da gangan, ko da an sa masa wuƙa a wuya?"

Amma al'adar garin ba ruwanta da yashi. Za ka jingina bayanka da bangon ta gefen da ya sunkuyo, dugaduganka su taɓa bulo, ka miƙa hannuwa gaba. In ka tsaya cak, zuciyarka fara ce, ba za ka ci amanar aure ba. In ka kifa, masu kallo sun sami abin yi. Duk mun san wasa ne, amma ban taɓa ganin ɗan Torun da ya kifa a gaban budurwarsa ya koma gida yana dariya ba.

Wata Lahadi a shekarar 1974, bayan an taso daga coci, uwar Genia ta taso ƙeyar samarin 'ya'yanta biyu zuwa hasumiyar. Babbar, Bronia, wani magatakarda ne yake nemanta, Zenon, dogo siriri, mai wandon nan mai faɗin ƙafa da samari suke yayi a lokacin, wanda yake share titi in ana tafiya. Ƙaramar kuma, Genia, Ludwik ne, yana ɗan shekara ashirin da uku. Zenon ya jingina, ya miƙa hannuwa, tsohuwa ta ƙirga har goma bai motsa ba. Bronia ta yi ta tafi. Genia ko kallon kirki ba ta yi masa ba, tana sunkuye tana fama da igiyar takalminta. Sai aka zo kan Ludwik. Ya manna dugadugansa da bulo sosai, yadda aka ce a yi, don shi bai iya rabin aiki ba. Tsohuwa ta ce ɗaya, ta buɗe baki za ta ce biyu, sai ga shi ya taho gaba ɗaya. Ya buge ƙunshin piernik da ke hannunta, wainar nan tamu ta zuma da kanumfari ta watse a kan duwatsun titi, tantabaru suka yi biki. Ba don Genia ta cafko wuyan rigarsa ba, da haƙoransa na gaba a wurin zai bar su.

Duk da haka ta aure shi, Bronia kuma ta auri Zenon, aka shiga zaman duniya. Sai dai Bronia ba ta taɓa barin maganar ta huce ba. Bikin Kirsimeti, bikin haihuwa, zaman makoki, da zarar an zuba shayi za ta gyara zama ta ce, "Zenon ɗina ya tsaya kamar kyandir." Har bayan rasuwar Zenon, shekara tara da suka wuce, ba ta rage ba, ƙari ma ta yi, don a bakinta ƙirgen ya tashi daga goma ya kai ashirin. Ludwik ya sha zana hasumiyar a bayan takardar burodi, yana nuna musu cewa daga sama zuwa ƙasa ta kauce da kusan mita ɗaya da rabi, babu mahalukin da zai iya tsayawa a jikinta.

"To Zenon fa?" in ji Bronia. "A wata hasumiyar ya tsaya?"

Nan kullum yake naɗe takardar burodin ya tura gefe.

Tsokanar Bronia ba ita ta dame shi ba, wannan ya saba da ita kamar ciwon gwiwa. Abin da ya tsaya masa a rai magana ɗaya ce ta Genia. Cikin shekarun tamanin an taɓa tura shi tare da wasu magina gyaran wani coci a ƙasar waje, wata takwas. Ɗaki ɗaya suke kwana su bakwai, ƙarti masu minshari, kowace Lahadi kuma yana zama ya rubuta mata wasiƙa da hannunsa da farar ƙasa ta cinye. Ranar da ya dawo ana cin abinci, Bronia ta ce ya kamata a kai shi hasumiya a duba abin da ya aikata a can. Genia tana zuba miya ta ce, "Ai ba sai an kai shi ba, mun riga mun ga sakamakon." Ba ta ɗago ba, ba ta kuma yi dariya ba. Maganar ta shige shi ta zauna. Shi da bai taɓa kallon wata mace ba sai in tana tsaye a ƙofar da ta karkace, ya wayi gari yana ganin matarsa zaune take da shi da zargi a zuci. Bai tambaye ta ba. Mazan zamaninsu gara su ɗauki buhun siminti zuwa hawa na huɗu da su yi irin wannan tambayar.

Ana nan sai ga watan Maris na shekarar da aurensu zai cika hamsin. 'Yarsu Dorota ta zo da tsari a rubuce: a watan Yuni za a yi addu'ar godiya a cocin Yohanna, a ci abinci, sannan dangi su ɗunguma zuwa hasumiya a ɗauki hoto a inda abin ya faro. Bronia ta ce ita za ta yi ƙirgen, tunda Mama ba ta duniya. Aka yi dariya. Ludwik ya dubi matarsa, ya ga furfurar da ta cika mata kai da ƙwayoyin hawan jinin da ke gefen kofinta, ya ce a ransa in bai tsaya a bana ba, ɗayansu zai shiga kabari da maganar nan. Yana da shekara saba'in da uku, da wata uku a gabansa.

Kamar yawancin tsofaffin ma'aikata, yana da ɗan lambu a hayin kogi, inda yake shuka kabeji da kokwamba. Ya je hasumiya da sassafe ya auna ta sau uku, ya sayo tsofaffin bulo, ya shiga gina katanga a lambun, tsayin mutum da ɗan ɗori, mai karkata daidai da ta hasumiyar. Aikin wuni ɗaya ne, amma kwana biyar ya ci masa. Hannunsa ne ya ƙi. Sau biyu yana ja da baya ya duba, ya tarar ya miƙar da ita bai sani ba, dole ya rushe ya sake. Da ya gama bai iya kallonta kai tsaye ba, sai ta gefen ido.

Ranar farko ya kifa cikin furannin maƙwabciyarsa da suka ratso ta ƙarƙashin shinge. Rana ta biyu ma haka. A ta uku mai furannin ta leƙo ta saman shinge. Pani Sabina ce (a wajenmu Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan), wadda mijinta ya rasu da daɗewa, ta yi shekara talatin tana koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, har yanzu kuma da usur ɗinta a wuya take ban ruwa.

"Pan Ludwik, me furannina suka yi maka?"

Ba yadda zai yi, ya gaya mata gaskiya, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ta zagayo, ta dube shi sama da ƙasa kamar mai sayen rago.

"Katangar ba ta da laifi," ta ce. "Wannan ne yake ja ka." Ta nuna tumbin da bakin usur. "Daga yau ba dankali, ba piernik. Ka sayi takalmi marar dunduniya. Gwiwoyin nan a riƙa shafa musu magani. Ƙarfe bakwai na safe ina nan. Kuma zan kawo tsohuwar katifa, ba don kai ba, don furannina."

A gida kuwa Genia ba makauniya ba ce. Mutumin da tun da ya yi ritaya ba ya barin gado sai rana ta haska agogon dandali, yanzu shida da rabi ya yi wanka ya fice. Ya sayi farin takalmi irin na 'yan makaranta. Wani ƙamshi yake yi mai kama da na'ana'a. Wandonsa ya soma zamewa.

"Tsoho, ba ka taɓa dankalin ba."

"Na ƙoshi."

"Kai? Shekara hamsin ban taɓa jin kalmar nan a bakinka ba. Ko mu je asibiti?"

"Lafiyata lau."

"To juyo in gani. Wannan furen fa a ƙeyarka? Mu dai na san kabeji muka shuka."

"Iska ce," in ji Ludwik, ya sa kai cikin jarida. Bai iya ƙarya ba, kunnuwansa suka yi ja wur.

Genia ta kwashe kwanuka. Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ta haɗiye. Amma wata Talata a watan Mayu sai ga Bronia ta hauro benen gidansu Genia hawa huɗu ba ta huta ko sau ɗaya ba, abin da rabonta da yi tun Zenon yana raye. Wata mata ce ta ba ta labari a bas.

"Katifa, Genia! Yesu da Maryamu, katifa, da rana tsaka! Shi ya kama gaba, ita ta kama baya, suka shige da ita lambunku. Kullum ƙarfe bakwai suna can. Matar nan mai usur! Tun 1974 nake gaya miki, bangon nan ba ya ƙarya."

Genia ta zauna a kujerar kicin, ta daɗe tana kallon hannuwanta, har Bronia ta ji tsoro ta rufe baki. Washegari da safe suka bar shi ya fita, suka ɗauki lema kowacce, suka shiga bas ɗin da ke bin bayan nasa suka haye gada.

Tun kafin su kai ƙofar lambun suka jiyo muryar mace ta bayan shinge.

"Shigar da cikin, Pan Ludwik! Ni za ka kalla, kar ka kalli ƙasa! Yawwa, haka nake so! Ɗaya... biyu... uku..."

Sai tim, wani abu mai nauyi ya faɗi. Bronia ta bangaje ƙofa da lema a sama, Genia na biye. Suka tarar da Ludwik rub da ciki a kan katifa, farin takalminsa yana kallon sama, Pani Sabina kuma tsaye can taku uku, usur a baki, agogo a hannu. A bayansu ga katanga ta sunkuyo, an cika gefenta da rubutun alli, kowace rana da lambarta. Babbar lamba a ciki ita ce huɗu.

Bronia ta dubi katanga, ta dubi katifa, ta dubi mijin ƙanwarta, lemar ta sauko a hankali. Sai dariya ta kama ta, irin wadda ba ta fita da sauti, har ta zauna a kan bokitin ban ruwa tana share hawaye. "Huɗu!" take cewa. "Wata biyu, huɗu!" Pani Sabina da ta gane abin da ya kawo su, ta cire usur ta miƙe ƙyam. "Pani, ni malama ce," ta ce. "Zo in ba ki shayi, in kuma gaya miki abin da nake yi wa masu yaɗa magana a ajina." Ta ja Bronia ta hannu suka shige rumfarta.

Ya rage su biyu. Ludwik ya tashi zaune a kan katifar, yana karkaɗe ciyawa daga gwiwa, ya ƙi ɗaga ido. Genia ta je inda ya rataye rigarsa, ta zaro igiyar awon, ta kafa ta a saman katangar kamar yadda ta ga yana yi shekara da shekaru. Dalmar ta yi lilo ta tsaya can nesa da gindin bango.

"Kai ka gina wannan?"

"Ni."

"Da hannunka? Kai da ka sa aka sake ƙofar gidan ubana?"

"Sau biyu na rushe ta. Miƙewa take yi."

"Don me, Ludek?" in ji ta, da sunan da ake kiransa a gida.

Ya ci gaba da karkaɗe gwiwarsa. "Ina so ki gani da idonki sau ɗaya, kafin a binne ɗayanmu."

"In ga me?"

"Cewa ban taɓa yi ba. Ko a can ɗin da na yi wata takwas, ko a nan. Ranar da na dawo kin ce kun riga kun ga sakamakon. Ba ki yi dariya ba, Genia."

Ta tsaya tana tunani, da gaske ta manta. Can ta dafe goshi. "Ranar miyar kabejin nan? Kai, tsoho! Tun asuba nake layin nama don in yi maka girkin dawowa, aka zo kaina ya ƙare, Dorota tana zazzaɓi, ƙafafuna sun kumbura. Wa yake da ƙarfin dariya ranar? Shekara kusan arba'in kana ɗauke da wannan?"

Ya gyaɗa kai. Ta zauna kusa da shi a kan katifar, da ƙyar, tana dafa kafaɗarsa. Ta waiga wajen rumfar Pani Sabina, ta rage murya.

"Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Fada a coci. Ranar nan igiyar takalmina ta kwance, ina sunkuye. Tsakanin dugadugan Zenon da bango akwai tazarar tafin hannu guda. Wandon ne ya rufe. Ni kaɗai na gani, don ni kaɗai ce a ƙasa."

Ludwik ya zabura. "Tafin hannu? Ai da tafin hannu ko jaki zai tsaya!"

"Yi a hankali, za ta ji. Sai kai ka zo, ka duba bangon, na ga ka gane. Ka san za ka faɗi?"

"Na sani mana. Makaho ma ya ga karkatar nan."

"Amma ka manna ƙafafun."

"Haka aka ce a yi."

"To a nan na yanke shawara, tun kafin ka iso ƙasa. Me kake tsammani ya sa na cafke ka? Da Zenon ne, da na matsa gefe."

"Me ya hana ki faɗa, duk shekarun nan?"

"Bronia. Da farko amarya ce, ban so in ɓata mata. Daga baya kuma ka san zaman nasu yadda ya kasance, shi kullum a ofis, ita kullum a taga. Tsayuwar nan ita ce abin da ta fi so a jikinsa, yanzu ma ita kaɗai ta rage mata. Ni kuma na ɗauka ka san wasa nake, ashe sakarai na aura." Ta share ido da gefen gyalenta, ta zungure shi. "Tashi mu tafi gida ka ci dankali. Ka koma kamar abin korar tsuntsu."

Sati uku da suka rage Ludwik ya yi su yana cin abinci kamar mai ramuwa, yana kuma tauna sirrin da Genia ta ba shi. Shekara hamsin ana yi masa dariya, ga shi yau amsar tana aljihunsa. Har ya tsara yadda zai faɗe ta a gaban dangi, a hankali, yana nuna tazarar da tafin hannunsa.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Babbar ƙararrawar cocin Yohanna ba ta buga musu ba, don ba don irinmu ake wahalar da ita ba, amma an yi addu'a, an ci, an sha, aka gangaro ta bakin ganuwa zuwa hasumiya, dangi wajen ashirin, da baƙi 'yan yawon buɗe ido da suka tsaya ganin tsoho cikin kwat. Bronia ta sha hula mai fure. Ta tsaya daidai inda uwarsu ta tsaya, ta dubi bangon.

"A nan Zenon ɗina ya tsaya. Kamar kyandir. Ko ba haka ba, Ludek?"

Ludwik ya ɗaga tafin hannunsa. Ya dubi tsohuwar, yadda ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu tana jiran amsa. Ya mai da hannun aljihu.

"Ya tsaya, Bronia," ya ce. "Ina wurin."

Sannan ya juya ya jingina da hasumiyar. Ya ja ƙafar dama har dunduniya ta taɓa bulo, ya ja ta hagu, ya ƙara mannawa, ya miƙa hannuwa. Dorota ta ɗaga abin ɗaukar hoto. Genia ta miƙa wa wata jika jakarta, ta naɗe hannun rigar bikinta, ta zo ta tsaya taku ɗaya a gabansa, ta kafa ƙafafu.

"Ɗaya," in ji Bronia. "Biyu."

Dankalin sati uku ya yi aikinsa. Ya taho gaba ɗaya, kwat da tumbi da komai, ta tare shi da ƙirji da hannuwa biyu, suka yi tangaɗi tare suka tsaya. Jama'a suka fashe da dariya, Bronia tana ihun ai ta faɗa, ai ta faɗa, biyu kacal. Ludwik yana jin ta sarai. Fuskarsa na kan kafaɗar matarsa, hannunta yana bubbuga bayansa, bai kuma yi gaggawar miƙewa ba.